Ƙashin da Muka Nema a Bakin Duna

Ku ajiye salular nan tukuna. Na ga abin da kuke nuna mini: baturiya ta zaunar da karenta kan kujera, ta ɗaga masa leɓe, tana goga masa burushi, shi kuma yana kaɗa wutsiya. Shi ke nan kun iya. An ɗauke ku gadi a gidajen ma'aikatan furoje, turawan nan na ayyukan agaji, an ce ku kula da karnuka har da bakinsu, kun zo rumfata kuna dariya, wai in ba ku sirrin kafin a kira la'asar. To, abin da zan ba ku ba na dariya ba ne. Mutumin da ya koya mini aikin nan, wanda ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, bakin kare ne ya kashe shi, kuma karen ko cizonsa bai yi ba. Ni na riƙe masa karen. In za ku ji, ga tabarma.

Daga ƙasar Damagaram na zo ina saurayi, neman aikin tattasai, na sauka a wani ƙauye na bakin kogin Komadugu, gabas da Diffa. Lambun da aka ɗauke ni na wani Babarbare ne, Ba Kyari, dogo, marar yawan magana. Hausarsa a karye take, amma in ya faɗi abu ba ya maimaitawa. Noma yake kamar kowa, sai dai duk kwarin an san shi da abu guda: in bakin karenka ya lalace, wurinsa za ka. Ku da kuka tashi a cikin gari ba za ku gane ba. A can kare ba ado ba ne. Shi ke gadin injin ban ruwa, shi ke kwanciya gefen shanyar tattasai, shi ke korar dila daga ƴan awaki. Karen da haƙorinsa ke ciwo ba ya ci, in bai ci ba kwana kaɗan ne ya kwanta, in ya kwanta kuwa mai lambu ya zama shi ne karen kansa.

Aikin farko da na gani, wata tsohuwar karya ce ta wani Bafulatani. Tun daga nesa warin bakinta ya iso mu. Ba Kyari bai taɓa ta ba sai da ya zauna gefenta kusan tsawon shan shayi, yana magana da mai ita, hannunsa a ƙasa inda za ta shinshina. Sannan ya ce mini in durƙusa ta baya, in sa ƙirjinta tsakanin gwiwoyina, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Ya ɗaga leɓen. Fiƙoƙin sun yi wani kauri ruwan ƙasa, abin da yake kira tsatsa, dasashi ya kumbura yana tsattsafo da jini. Ya zaro wutsiyar cokali da maƙeri ya fafe masa, ya riƙa ɓamɓare tsatsar daga gindin haƙori zuwa tsini, kaɗan kaɗan, yana tsayawa duk sanda numfashinta ya canza. Ni kuwa tsoro ya sa na matse ta fiye da kima, ta yi ƙara. Bai dube ni ba ya ce, "Habu, kare kake riƙewa, ba ɓarawo ba." Shekara biyu ina riƙo kafin ya bar ni in ɗaga leɓe da hannuna.

Kayan aikinmu duka jakar fata ɗaya ce da ke rataye jikin shikashikin rumfa. Akwai wutsiyar cokalin nan, da matsefata ta cire ƙaya, da hantsaki mai dogon baki. Akwai tsummoki farare da Ya Falmata, matarsa, ke dafa mana a tukunyar da ba a girki da ita. Akwai asuwaki, wanda ba a tauna shi da baki, da dutse ake daddaka kansa ya yi laushi. Garin gawayi a ƙaramin gwangwani, ƴar kanwa, fitilar hannu. Amma babban cikinsu wani guntun itacen aduwa ne mai kaurin yatsa biyu, an ɗaure masa igiya gefe da gefe. Shi ake gittawa can ƙarshen muƙamuƙi a ɗaure bayan kunne, bakin ya tsaya a buɗe, ka haska ka duba ba tare da ka sa hannu ba.

Abin da za ku yi a gida kullum ba shi da wuya, haƙurin ne mai wuya. Ɗan kwikwiyo da romo ake fara masa: ka tsoma yatsa, ka shafa masa a dasashi, ka bar shi. Gobe haka, jibi haka, har ya riƙa zuwa da kansa. Daga nan ka naɗe tsumma a yatsa, ka jiƙa da ruwan da aka jefa wa ɗan ƙwayar kanwa, ka goge bayan haƙoran kawai, wajen kunci, cikin kuwa harshe na yi masa. Kada wanda ya matsa masa man goge bakin mutane, kare ba ya tofarwa, haɗiyewa yake. A ba shi busasshiyar fata ya yi ta gwagwiya. Ƙashin da aka dafa kuwa, da ƙayar kifi, a binne su. In ka ga yana tauna da gefe ɗaya, ko ya ɗauki abinci ya saki, bakin ne, kada ka tsaya neman maye.

Mutane na kawo mana karnukansu, amma ba kowa ke ba mu hannu ba. Na sha zama gidan suna a ware mini kwano. Ba Kyari bai taɓa nuna ya damu ba. In mun gama aiki sai ya cuɗa hannunsa da ƙasa, ya ɗauraye har sau bakwai, ya yi alwala, ya shiga sahun gaba. Ni ma haka na koya, kuma a zatonmu wankin ya gama komai.

Aikin da ya fi kawo mana mutane shi ne ƙashi a ganɗa. Masuntan wajen Bosso da ragowar banda suke ciyar da karnukansu, ga kurungu da ƙayarsa mai tsini. Kare ya gatsa, ƙashin ya gitta a rufin baki tsakanin turamen haƙora ya maƙale. Sai ka ga baki a sake, miyau na dalala, ba ci ba sha. Wanda bai sani ba sai ya ce haukan kare ne. Wata ranar kasuwa muka tarar an zagaye wani jan kare da duwatsu, mai shi na tsaye yana kallo, ya kasa hana su. Ba Kyari ya ratsa taron ya ce a ba shi lokaci kaɗan. Ya tsuguna nesa, ya kalli karen tsawon lokaci, sannan ya ce in riƙe. Muka gitta itacen aduwa, ya haska, ya sa hantsaki, sai ga ƙaya kamar ɗan yatsa ta fito da jini. Karen ya girgiza kai ya nufi kwatarniyar ruwa. Daga ranar har daga Maine ake kawo mana karnuka a amalanke.

A hanyar komawa ya ba ni dokar da ya ce in riƙe ta fiye da sunana. Ya ce akwai hauka iri biyu. Kowa ya san mai cizo. Ɗayan kuwa shiru yake zuwa, muƙamuƙi ya mutu, baki ya sake, kamanninsa ɗaya da mai ƙashi. Bambancin, mai ƙashi yana ta kai ƙafa bakinsa, yana goga fuska a ƙasa, yana son ya fitar da abin. Mai hauka ba ya kai ƙafa, kallonka kawai yake, muryarsa ta dishe. "Ido tukuna," ya ce, "sannan itace, sannan fitila. Hannu shi ne na ƙarshe, kuma sai ka ga ƙashin da idonka." Shekara ashirin da wani abu muna tare ban ga ya karya ta ba.

Yana da nasa kare, baƙi wuluk mai farin ƙirji, Duna. Tun idonsa bai buɗe ba ya ɗauko shi. Kullum bayan sallar asuba Duna zai zo ya zauna gabansa ya ɗaga kai da kansa, a goge masa baki. Da shi Ba Kyari ke nuna wa masu lambu yadda bakin kare ya kamata ya kasance, ya shekara takwas haƙoransa farare tas, babu ko ɗaya da ya girgiza. Allah bai ba su haihuwa mai rai ba shi da Ya Falmata, kuma ba zan ce muku kare ya zama ɗa ba, zai ji haushina. Amma duk inda ka ga ɗaya, ɗayan na kusa.

Sai shekarar gudu ta zo. Wasunku suna yara ƙanana a lokacin. Mutanen daji masu bindiga suka matso bakin kogi, aka ce kowa ya tashi, kuma ba a ba mu kwanaki ba. Muka samu wata babbar mota ta ɗauki rabin ƙauyen. Direban ya ce ba ya haɗa kare da mutane, mata na kuka, babu lokacin gardama. Ba Kyari ya kwance wa Duna igiya, ya zuba masa ruwa a kwatarniya, ya hau. Karen ya bi motar har ya gaji. Sai da muka yi nisa na tuna jakar fata tana nan rataye inda take. Aka sauke mu bakin kwalta kusa da Diffa, muka kafa bukkoki da zana da leda. Mutumin da ke da lambu da inji ya koma tsinkar tattasai a lambun wasu, aikin yini. Sanyi ya shigo, ga zafin tattasai, ga ruwan rijiya mai kanwa, hannuwansa suka yi faso, kowace gaɓa ta tsage, wasu har suna jini. Duk masu tsinka haka hannunsu yake, ba wanda ke ɗaukarsa ciwo.

Wata biyu da tashinmu, da hantsi, sai ga Duna a bakin bukka. Yadda ya gano mu Allah kaɗai ya sani. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ga tabon cizo a kafaɗa ya fara warkewa. Karnukan da aka bari a ƙauyuka sun koma daji, suna cin mushe tare da diloli, kowa ya san haka. Ba Kyari ya zauna a ƙasa, karen ya ɗora masa kai a cinya. Ban taɓa ganin haƙoran mutumin nan a waje ba kamar ranar. Ya raba tuwonsa biyu, ya yage gefen rawaninsa ya yi tsumma, washegari da asuba suka koma al'adarsu.

Bayan kamar mako uku, wata Juma'a, na dawo daga lambu na tarar da shi tsugune gaban karen. Bakin Duna a sake, miyau na zuba har ƙirji. Ranar Laraba maƙwabta sun yanka akuya, sun watsar da ƙasusuwa bayan bukkoki.

"Ƙashin akuyar nan ne," in ji Ba Kyari. "Zo ka riƙe mini."

Na tsaya na duba, yadda shi ya koya mini. Karen bai kai ƙafa bakinsa ba ko sau ɗaya. Ya kalle ni, ya yi ƙoƙarin haushi, muryar ta fito a dishe. Na gani sarai. Na ce, "Ba Kyari, ko mu ɗaure shi zuwa gobe? In sassaƙo itace, in aro fitila."

"Kwana biyu bai sha ruwa ba. Gobe ta yi masa nisa. Riƙe."

Ina da shekara arba'in da ɗoriya a lokacin, da mata da ƴaƴa, amma a gabansa ban taɓa wuce mai riƙo ba. Na durƙusa, na sa ƙirjin tsakanin gwiwoyina. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannun dama har wuyan hannu. Ya shafa ganɗa, ya bi turame ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga harshe, ya kai har maƙogwaro. Duna bai ko motsa ba, bakin da ya saba da hannun ne. Ya daɗe yana nema, fiye da yadda aikin ke bukata. Da ya zaro hannun, sharkaf da miyau, babu komai a ciki. Ya je bayan bukka ya cuɗa hannun da ƙasa sosai, ya ɗauraye sau bakwai da ɗan ruwan buta, ya yi alwala muka tafi masallaci.

A hanya na ce, "Ba Kyari, mu biya gidan likita a yi maka allura."

Ya miƙo mini hannun, ya juya shi ciki da baya. "Ina cizon? Nuna mini." Babu shaidar haƙori ko ɗaya. "Allurar ta wanda aka ciza ce. In je in ce musu me, kare ya lashe ni? Kuma kada Falmata ta ji, abin da ke kanta ya ishe ta."

Ina kallon fason nan a buɗe, jajaye, ƙasa ta shiga cikinsu. Zuciyata ba ta kwanta ba. Amma ni ma a lokacin abin da na sani ke nan, cizo ke kawo hauka. Kuma a wurinmu ba ka maimaita wa wanda ya koya maka sana'a magana in ya rufe ta. Ban sake tayar da maganar ba. Duna ya mutu ranar Litinin, ƙafafun baya suka fara mutuwa, sannan sauran. Muka haƙa rami mai zurfi muka binne shi. Kullum in na zo gaisuwa sai in saci kallon maigidana, in ga yana cin tuwo yana zuwa lambu. Da aka yi wata guda sai na ce mun tsira.

Kwana arba'in da ƴan kai, muna tsinka, ya tsaya yana yarfe hannun dama, ya ce kamar tururuwa na tafiya a ciki. Washegari zazzaɓi. Rana ta uku Ya Falmata ta aiko a kira ni. Na same shi zaune, ya jingina da shikashiki, leɓɓansa sun bushe. Ta miƙa masa moɗa a gabana. Ya kai hannu da gaske, yana so, amma ruwan na matsowa sai wuyansa ya shaƙe, jikinsa ya ɗauki rawa, moɗar ta faɗi. Mutumin da aka haifa a bakin kogi, wanda ke haye Komadugu da iyo lokacin cikarta. Ta ce ko iska ce ta taɓa shi, a nemo malami. Ni da shi muka dubi juna.

Muka kai shi gidan likita a amalanke. Lokotoron, wato likitan, wani matashi mai hankali, ya ja ni gefe ya tambaye ni, na faɗa masa komai. Ya ce miyau ba ya bukatar haƙori, ko ƙaramar tsaga a fata ta ishe shi ƙofa. Ya ce da an wanke hannun da sabulu da ruwa mai yawa nan take, aka zo a ranar ko washegari aka fara allura, da yanzu yana lambu. In alamu sun fito kuwa, babu abin da ɗan Adam zai iya, sai dai a rage masa wahala. Sannan ya tambaye ni wa ya riƙe karen.

Ciwon nan yana sakin mutum lokaci lokaci, hankalinsa ya dawo garau. A irin wannan sakin, da azahar, Ba Kyari ya kira ni bakin gadon. Ya ce in miƙo hannuwana. Bai taɓa su ba, ya ce in matso da su wajen taga. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da ido, ya ce in buɗe tsakaninsu, in juya. A gindin babban yatsana na hagu, hannun da ke ƙarƙashin haɓar Duna, akwai tsohon faso da ya rufe.

"Wannan a buɗe yake ranar?"

Na ce ban tuna ba.

"Je ka a yi maka. Yanzu, ina kallonka."

Na ce zan je in ya samu barci. Ya ce, "Habu, ban taɓa faɗa maka magana sau biyu ba. Je ka." Na tafi. Kafin a gama da ni in dawo, sakin ya wuce, an ɗaure masa hannuwa da zane jikin gado, bai ƙara gane kowa ba. Kwana biyu ya yi a haka, ya cika ranar Alhamis da hantsi. Na yi baƙin cikin da ban yi ba ranar da ubana ya rasu, kuma har yau bai sake ni ba.

Bayan sadakar uku, da mutane suka watse, na je yi wa Ya Falmata sallama. Tana zaune bakin bukka cikin mayafin takaba, tana tsince ƴar shinkafar da aka kawo na gaisuwa. Lokotoro ya riga ya yi mata bayani. Ba ta ɗago ba ta ce, "Habu, kai ka riƙe karen."

"Ni ne, Ya."

"Ka gane ba ƙashi ba ne?"

"Na gane."

"Ka ce masa ya je likita?"

"Na ce masa. Ya ƙi."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar har na zaci ta gama magana. Sannan ta ce, "Shi ba ka iya maimaita masa ba, na sani, ba wanda ke iyawa sai ni. Kwana arba'in kana shigowa kana gaishe ni, ina zuba maka tuwo. Da ka faɗa mini, da na kai shi ko da igiya ne."